Abin da Kuka Yaba a Muryar Auta

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Sharhin Kiɗa da Waƙa. Mambobin kwamitin da suka zauna suka tace faya-fayan bana har suka fitar da gwani. Manyan baƙi da aka jera a layin gaba, inda iskar na'urar sanyi take fara sauka. Masu kamfanonin faifai. 'Yan jarida na takarda, da na rediyo, da waɗanda jaridarsu ke cikin aljihun wando. 'Yan'uwana mawaƙa da makaɗa. 'Yan amshi, waɗanda na hango an tura can baya kusa da ƙofa kamar yadda aka saba. Ƙannena, 'ya'yana da jikokina, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo ya cika wannan zaure: ina gaishe ku gaba ɗaya, barkanmu da yammacin nan.

Ina godiya ga ƙungiya da ta tuna da ni. Ina godiya da motar da aka aiko ta ɗauko ni, ina godiya da kujera mai laushi, ina godiya da kirarin da mai gabatarwa ya yi mini, wanda rabinsa ma ban san na aikata ba. Ina godiya musamman ga sakataren ƙungiya, wanda ya kira ni a waya ya ce, "Mama, ba wani aiki ba ne, ki ɗan faɗi magana mai daɗi, ki miƙa lambar yabon, a ɗauki hoto." Na ce masa to. Da ya tambayi manya kafin ya zaɓe ni, da sun gaya masa cewa tunda nake ban taɓa riƙe makirufo na ɗan faɗi magana ba.

Ga yaran da aka haifa bayan na sauka daga dandamali, ni mawaƙiya ce, na yi zamanina, kuma ubannin wasunku da waƙata suka shawo kan iyayenku mata. Wadda kuka zaɓi faifanta, wadda kowa ke kira Auta, a hannuna ta tashi. Ita ce ƙarama cikin 'yan amshina, shi ya sa sunan ya bi ta har yau da ta girma ta yi aure. Ga ta nan zaune kusa da mijinta, da gyale naɗe a wuya. A tsarin taron an ce idan na gama za ta karɓi lambar, ta yi jawabin godiya, sannan ta rera muku waƙa guda daga cikin faifan. To, gara in faɗa muku tun yanzu kada ku wahala da gyaran kyamara: ba za ta yi jawabi ba, kuma ba za ta rera ba. Muryarta ce ta kawo ni nan, muryar da kuka yi ta yi wa kirari tun farkon shekara, wadda a yau ba mu san ko za ta sake fitowa da waƙa ba. Zan ba ku labarin bi da bi. Wanda ya ji an taɓo aikinsa ya yi haƙuri ya zauna, ai an rufe ƙofa saboda sanyi.

Magana ta farko: Auta ba bana ta fara waƙa ba. Na ga wasunku sun rubuta cewa su suka gano ta, sai ka ce a ƙarƙashin gado suka tsinto ta. Faifai biyu ta fitar kafin wannan, a lokacin da muryarta take lafiya lau. Ni da nake gaya muku, na ji muryoyi a duniyar nan, na tsaya kafaɗa da kafaɗa da manya, amma ban taɓa jin wadda take fita a sauƙaƙe irin ta yarinyar nan ba. Takan hau sama ba ta ɗaure fuska ba, ta sauko ba ta yi haki ba. Idan muna atisaye ta ja wani baiti, mai ganga yakan saki baki har ya manta da wurin shigarsa, sai na taka masa ƙafa.

Me kuka ce a kan wannan murya? Ina da ƙwaƙwalwa, tsufa bai cinye ta ba tukuna. Mai sharhin jaridar Lahadi, ga shi can ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya rubuta cewa muryar ta cika tsabta, ba ta da gishiri. Mai shirin rediyo na safe ya sa rabin waƙa guda, ya katse ta da tallar sabulu, ya dawo ya gaya wa masu sauraro cewa yarinyar tana da baiwa amma ba ta sha wuya ba tukuna. Ba ta sha wuya ba! Yarinyar da take wuni a shagon sayar da takalma tana durƙusa wa ƙafafun mutane, ta taso ta zo atisaye cikinta ba komai sai ruwa. Ya tambaye ta ne? Ina! Shi dai bai ji wuyar a maƙogwaronta ba, don haka babu ita. Farfesanmu na sashen nazarin kiɗa kuwa cewa ya yi da ɗalibansa, irin wannan waƙa ita ake sa wa mutum a waya idan an ce ya ɗan jira a haɗa shi da manaja.

Ta karanta duka. Mawaƙi zai rantse muku ba ya karanta sharhi, ƙarya yake yi, mukan karanta har mu haddace. Ta zo gidana ta zauna a kan ƙaramar kujerar kicin ta ce, "Mama, wai me ake nufi da gishiri? Ki koya mini in zuba." Na ce, "Tashi ki ba ni wuri, gishirin gidansu!" Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mata a rai.

Magana ta biyu ita ce yadda aka yi wannan faifai, Ɗaki Mai Taga Ɗaya, domin na karanta labarin yinsa a jaridu iri-iri, kuma duk waɗanda suka rubuta ba sa wurin. Ni ina wurin. Ɗakin ɗaukar sautin yana saman wani shagon gyaran firji, an manna wa bangonsa soso da tsofaffin dardumomi, kuma dole a kashe fanka idan za a ɗauka, sai kowa ya jiƙe sharkaf. Akwai Dogo mai jita, akwai mai fiyano, akwai mai ganga da aka ce ya rage hannu, ni kuma ina kan wata kujera da ta lotsa a bayan mai ɗaukar sauti. Auta ce ta tsara waƙoƙin duka da kanta. Wasu a salon sol na baƙaƙen Amurka, da amshi a baya kamar yadda na koya mata. Wasu ita da jita kaɗai, irin na mutanen karkara. Wasu kuma buluz, mai tafiya a hankali yana jan ƙafa.

Tun kafin a shiga ɗakin muryarta ta dishe. Ta ce mura ce. Ta sha ruwan ɗumi da zuma, ta yi sirace, ta sha duk abin da maƙwabta suka kawo, dishewar ta ce ba inda za ta. Sai Dogo ya rinƙa sauke mata kiɗan ƙasa, yana ƙara saukewa, har zuwa inda za ta iya kaiwa. Waƙar da a da za ta gama a tashi ɗaya, sai a yi ta gutsure-gutsure, ta rera layi ta tsaya ta dafe wuya. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya ce da mai kamfani, "Yallaɓai, a ɗaga aikin nan har ta warke." Mai kamfani ya saurari abin da aka ɗauka, ya lumshe ido, ya ce, "A'a, bar shi haka. Ai wannan suke nema." Kuma ya san ku. Wallahi ya san ku fiye da yadda matanku suka san ku.

Akwai waƙar da ta yi wa marigayi mahaifinta, direban bas. A tsakiyarta, daidai inda take cewa ya ajiye makulli a kan tebur bai sake ɗauka ba, akwai wurin da muryar ta ɗauke, jita ta ci gaba ita kaɗai, sai can ta dawo. Kun san wurin. Dole ku san shi, tunda farfesa ya rubuta maƙala sukutum a kansa, ya tara mutane a jami'a, ya ce wannan shirun shi ne ƙashin bayan faifan, wai a nan ne mawaƙiyar ta gane cewa harshe ya gaza ɗaukar nauyin rashi. Ranka ya daɗe farfesa, ruwa take sha. Maƙogwaron ne ya shaƙe, ta miƙo hannu, ni na ba ta kofin. Mai ɗaukar sauti ya goge ƙarar haɗiyar, ya bar gurbin domin makaɗa sun riga sun wuce kuma ba ta da ƙarfin sakewa. Da ya bar ƙarar, ban san me za ka ce tana nufi ba.

Faifai ya fito, gari ya ɗauka. Magana ta uku ke nan, yabonku, kuma ina roƙon Allah ya raba 'ya'yanmu da irin wannan yabo. Wanda ya ce ba gishiri ya dawo ya ce a ƙarshe Auta ta samo muryarta ta gaskiya. Ta gaskiya! Wato wadda Allah ya halicce ta da ita ta ƙarya ce, ta gaskiyar ita ce wadda ciwo ya kawo. Wani ya ce murya ce mai tsatsa. Wani ya ce ta jiƙu da hawaye ta bushe a rana. Wata 'yar jarida ta rubuta cewa kana jin tsagar da ke zuciyarta a kowane harafi. 'Yata, ba a zuciya tsagar take ba, ki ɗan hauro sama kaɗan. Kowa ya buɗe akwati ya fito da manyan kalmomin da ya daɗe yana ajiya, kuka yi ta gasar wanda zai fi wani iya siffanta dishewa, ba wanda ya tsaya ya ce, "Anya lafiya?" Idan maƙwabciyarka ta gaishe ka da irin wannan murya a bakin ƙofa, ai ce mata za ka yi ta je asibiti. Amma da yake a faifai ne, da jita a baya, sai ya zama fasaha.

Mai shirin rediyo ya gayyace ta, wannan karon bai sa tallar sabulu ba. Ya matso da makirufo, ya tausasa murya, ya ce, "Gaya wa masu sauraro, wane ne ya karya miki zuciya haka?" Ta ce ba kowa. Ya yi dariyar manya ya ce, "Mun gane, ba kya son tonawa." Shi ke nan, kuka ƙirƙiro mugun namiji kuka ɗora mata. Ga mijinta nan, bawan Allah, malamin lissafi a sakandare, mutumin da ko kaza ba ya iya kora da tsawa. Ya je sayen burodi, mai shago ta dangwarar masa da leda tana tsaki. A ɗakin malamai, mata suka janye kujerunsu daga kusa da shi. Ya zo wurina ya ce, "Mama, don Allah me na yi?" Na ce, "Ba ka yi komai ba, ɗana, sharhi ne ya faɗo maka a ka."

To, waƙoƙin fa? Kada wani ya fita ya ce tsohuwa ta zo ta kushe faifan. Faifan nan yana da kyau, yana da kyau ƙwarai, kuma kyansa a cikin baitocinsa yake. Akwai waƙar mata biyu da suke haɗuwa kullum a tashar bas ba su taɓa tambayar sunan juna ba, har ranar da ɗaya ba ta zo ba. Akwai ta ɗakin hayar da ta taso a ciki, inda yara suke yin layi su leƙa titi ta taga ɗaya. Akwai ta shagon takalma, inda take gane halin mutum daga yadda yake miƙo ƙafa. Wa ya yi maganarsu? Na bi sharhinku ɗaya bayan ɗaya da tabarau a ido, ban ga wanda ya kawo baiti guda cikakke ba. Bari mu gwada. 'Yan kwamiti, ku da kuka ce shi ne faifan shekara, wani ya miƙe ya faɗo mana layi ɗaya daga waƙar tashar bas. Ba na gaggawa. Ko rabin layi ne. To, na ga kowa ya tuna yana da saƙo a waya, mu ci gaba.

Magana ta huɗu ita ce mai nauyin, kuma a nan zan roƙi masu raɗa su yi shiru. Bayan faifan ya fito na ja ta da kaina zuwa wurin likitan maƙogwaro. Ya zura mata siririyar waya mai fitila ta hanci, ya juyo mana da allon na'urar, muka gani da idonmu. Wani ɗan ƙullutu ne ya fito a kan jijiyar da ke fitar da murya, bai kai ƙwayar wake ba. Shi ne tsatsarku, shi ne gishirinku, shi ne muryar gaskiyar da kuka ce ta samo. Likita ya ce ƙaramin aiki ne idan an yi yanzu: a cire shi, ta yi shiru na ɗan lokaci, murya ta dawo fes kamar da. Amma idan ta ci gaba da matsa masa, jijiyar tana iya fashewa, kuma in ta fashe ta warke da tabo, shi ba shi da maganin tabo. Auta ta yarda. Aka sa rana.

Ban san bakin da ya kai maganar waje ba, amma ta fita. Ranar Lahadi sai ga shafi guda a jarida, da ƙaton hotonta, da kan labari wai kada a taɓa wannan murya. Malam mai sharhi, kai ka rubuta, kuma har yau ban ji ka janye ba. Ka ce ka ji raɗe-raɗin likitoci za su goge muryar nan su mayar da ita sumul, ka ce wannan ɓarna ce. Ka ce idan Auta ta koma muryarta ta da, za ta koma inda take a da, wato inda ba wanda ya san da ita. Ka roƙe ta, da sunan masoya fasaha, ta riƙe raunin nan domin shi ne dukiyarta. Kai da ko ƙayar kifi ta maƙale maka sai an kira motar asibiti! Kai ne kake ba wa 'yar mutane shawarar ta zauna da ciwo a wuya don ka samu abin saurare a mota. Sauran kuma kuka ɗauka kuka yayata. Mai rediyo ya buɗe layi jama'a su bugo su faɗi ra'ayinsu, a yi aikin ko kada a yi, sai ka ce launin labule ake zaɓa. Mai kamfani ya kwafi kan labarin ya buga shi a jikin fostar zagayen wasannin da ya shirya mata.

Ta zo gidana da jaridar a naɗe a hannu, ina yankan albasa. Ta tsaya a bakin kicin ta ce, da wannan muryar da ke fita da ƙyar, "Mama, na ɗaga ranar." Na ajiye wuƙar. Na ce, "Auta, kin haukace ne?" Ta ce, "Shekara nawa ina waƙa da lafiyayyar murya, wa ya waiwayo? Ke kin ci zamaninki, an tafa miki har kin gaji da tafi. Ni yanzu aka fara sanin sunana. In na yi shiru yanzu, na dawo da muryar da suka ce ba gishiri, wa zai jira ni?" Na yi mata faɗa, na yi mata lallashi, na kira mijinta, mijinta ya zauna ya yi ta roƙo har da hawaye, na kira likita ya yi mata magana a waya. Ta ce wasannin nan kawai, idan ta gama za ta kwanta a yi. Tana da taurin kai, ban ɓoye ba, tun tana ƙarama haka take. Amma taurin kan nan da hujja ta riƙe shi, kuma ku kuka rubuta mata hujjar.

Haka aka shiga zagaye, daga wannan gari zuwa wancan. Da rana ba ta magana da kowa, tana tara ɗan abin da ya rage don wasan yamma. Kafin ta hau dandamali sai an yi mata allurar rage kumburi, idan ta sauko ko ruwa ba ya wucewa sai ta runtse ido. Duk garin da aka je muryar ta ƙara lalacewa, ku kuma ku rubuta cewa tana ƙara nuna, tana ƙara zurfi. Dogo ya sauke kiɗan har ya rasa inda zai sauke shi.

Saura labarin babban zauren wasa, kuma yawancinku kuna wurin, a kujerun gaba da aka keɓe muku. Ni ina bayan labule. Ta yi waƙoƙin farko da ƙyar, ina jin yadda take turo kowace kalma. Ta shiga waƙar mahaifinta. Ta zo wurin makullin nan, ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Dogo ya zagayo da kiɗan ya ba ta hanya, ta sake buɗe baki, iska kawai. Ya sake zagayowa. Ina hango wuyanta yana motsi, idanunta sun firfito, hannunta yana laluben sandar makirufo. Yarinya tana tsaye a gaban jama'a muryarta tana mutuwa, tana waige-waige tana neman wanda zai cece ta.

Sai kuka tashi tsaye. Kuka tafa. Wallahi zauren kamar zai tsage, har da masu fito, har da masu share hawaye. Farfesa, na gan ka, kai ka fara miƙewa, kana gyaɗa kai kana duban na kusa da kai, wato ga abin da na faɗa muku. Na ture mai kula da labule na shiga na janyo ta. A bayan dandamali ta yi tari a cikin tawul, tawul ya yi ja. Muna cikin mota muna neman hanyar fita zuwa asibiti, muna jiyo tafi daga ciki, ana kiran ta dawo ta ƙara.

Washegari ina zaune a barandar asibiti, an shiga da ita ɗakin tiyata, mijinta ya miƙo mini wayarsa. Sharhi ya riga ya fito. Wai Auta ta kai shirunta matakin da ba a taɓa kaiwa ba. Wai ta tsawaita shi da gangan har ya zama waƙa a karan kansa. Wai ƙarfin hali ne mawaƙiya ta tsaya ta hana jama'a muryarta, kuma fitar da ta yi ba sallama ita ce cikar wasan. Kuka zuba mata taurarin yabo har suka ƙare. Ni tsohuwa ce, na raka mutane da yawa zuwa makwanci, ban cika kuka ba. Ranar na yi, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne.

An yi aikin, amma ba ƙaramin da aka faɗa da farko ba. Jijiyar ta fashe, kuma tabon da likita ya ji tsoro ya zauna. An hana ta magana gaba ɗaya, ko raɗa. Na tare likita a ƙofar ofishinsa na ce ya gaya mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce. Ya ce, "Mama, magana za ta dawo a hankali, in Allah ya so. Waƙa kuwa, ba zan yi miki alkawari ba."

Mahaifiyarta tana gidan Auta yanzu, tsohuwa ce, idonta ya tafi. Ba ta ganin hannu idan an yi mata alama, da murya ta san 'yarta. Sai ta zauna a falo ta ce, "Auta, kina nan?" Auta tana gabanta ba halin amsawa, sai ta taso ta kama hannunta ta matsa. Tsohuwar ta ce, "To ki yi magana mana, ko fushi kike yi da ni?" A yi mata bayani ta gane, an jima ta manta ta sake tambaya. Farfesa, ga shiru nan na gaske idan kana neman na nazari. Gidan ba shi da nisa, sai dai babu jita a bayansa.

Ban zo neman ku ba da haƙuri ba. Na san ku, gobe wani zai rubuta cewa jawabin tsohuwa ya yi zafi amma ya rasa tsari. Ku rubuta. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. 'Yan amshin da ke can baya sun gaya mini yanzu yara mata masu tasowa suna neman irin muryar Auta. Wata tana shiga banɗaki ta cusa fuska a tawul ta yi ta ihu kafin a ɗauki sautinta. Wata ta fara shan taba, ita da ko hayaƙin girki ba ta so. Wani mai kamfani ya mayar da wata gida, ya ce ta dawo idan ta yi mura. Ku kuka buɗe wannan kasuwa. 'Ya'yana na baya, ku saurare ni, ni ba biro nake riƙewa ba, maƙogwaro gare ni irin naku. Murya guda aka ba kowa, ba a sayar da wata a shago. Idan ta dishe ta ƙi washewa, ku rufe baki ku tafi asibiti, ko da duk jaridun duniya sun durƙusa suna roƙonku. Wanda ya ce sai kin ji ciwo zai saurare ki, ba sauraronki ya zo yi ba, kallo ya zo yi.

Ku kuma masu sharhi, ban ce a rufe ƙungiya ba. Aikinku yana da amfani, domin mawaƙi yana bukatar kunnen da ba na uwarsa ba. Amma kunne nake nufi. Ku saurari waƙa har ƙarshenta, ku ji abin da aka faɗa a cikinta. Idan kun ji abin da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya yi, yana da rai, yana da lambar waya. Idan kuma kun ji mutum yana shaƙewa, ku ajiye biro ku tambaye shi lafiyarsa, sharhin zai jira.

Game da lambar nan, ni cewa na yi kada mu zo. Na ce a bar musu abinsu su ajiye a ofis su rinƙa tokare ƙofa da shi. Mijinta ma haka ya ce. Auta ta girgiza kai. Ta nuna kanta, ta yi alamar rubutu a tafin hannu, wato waƙoƙin nata ne, ita ta tsara su, kuma sun cancanta ko da waɗanda suka zaɓe su ba su san dalili ba. A nan na ba ta gaskiya. Saboda haka za ta karɓa, amma ba za ta hau nan a haska mata fitila a wuya ba. Mai girma shugaba, kai za ka sauka ka kai mata inda take zaune. Kuma ina roƙon wannan taro alfarma ɗaya tak: kada wanda ya tafa. Kun tafa mata, ya isa haka.

Allah ya ba Auta lafiya, ya mayar mata da muryarta yadda ya ba ta tun farko. Allah ya saka wa mijinta da ladan haƙuri, ya sa mahaifiyarta ta sake kira a amsa mata. Allah ya tsare maƙogwaron 'ya'yanmu masu tasowa, ya haɗa su da masu gaya musu gaskiya. Allah ya ƙara wa masu sharhi kunne, ya rage musu kalmomi. Allah ya albarkaci wannan taro, ya yafe mana kurakuranmu, ya mai da kowa gidansa lafiya ya tarar da iyalinsa lafiya.

Da muna shigowa ɗazu, a bakin ƙofa, Auta ta riƙe mini hannu. Ta san halina, ta san abin da zan yi. Ta ɗora tafinta a ƙirji, ta nuna zauren nan, sannan ta nuna bakina. Na gane abin da take so in faɗa muku a madadinta, domin tarbiyya gare ta, ta fi ni haƙuri nesa ba kusa ba. Na yi mata alkawari, kuma zan cika. Ku dai sani, ita ya kamata ta tsaya nan ta faɗe shi da bakinta. Kalmar tata ce, ni aron murya kawai na ba ta. Ga ta nan.

Na gode.